Akori-kurar Barau da Takardar Garanti

Tunda ka zo mini da maganar sayar da motarka don ka ga ta maƙwabci, gyara zama in ba ka misali.

An yi wani mutum, Barau, sana'arsa casar shinkafa. Kowace kaka sai ya ɗaura injin casa mai tayoyi biyu a bayan tsohuwar akori-kurarsa, ya ja shi tafiyar yini guda zuwa wata fadama a bakin kogi. Al'adar fadamar ɗaya ce: wanda injinsa ya fara isa, shi manoma ke bi, don ba mai barin shinkafarsa a tsibe tsuntsaye da shanu su yi biki. Shekara goma sha tara ba a taɓa riga Barau isa ba. Motar kuwa ba kyan gani, ƙofar direba ma da igiya ake ɗaure ta, amma ya san ta kamar yunwar cikinsa. Daga tarin da take yi yake gane tana jin ƙishi. Akwai wani dogon hawa a hanya, kuma kafin ya hau sai ya tsaya ƙarƙashin wata tsamiya, ya ɗaga bonet, ya jira ta huce, ya zuba wa lagireto ruwa, ya ɓantari goro, sannan su hau a giya ta ɗaya, sannu sannu.

Ana nan sai maƙwabcinsa Tanimu, wanda shi ma mai injin casa ne amma kullum motar haya ke ja masa, ya sayo sabuwar mota fara sol, har da takardar garanti: in injin motar ya lalace cikin shekara uku, kamfani zai gyara kyauta. To fa, Barau ya rasa sukuni. Hassada ce, ba wani suna da za a ba ta. In Tanimu ya gaishe shi ta taga, ji yake kamar an watsa masa barkono a ido. In mutane suka taru suna shafa motar, ranar ba zai ci tuwo ba. Abin da ya fi ci masa rai takardar nan ce. Wato shi ya ƙare a kwance ƙarƙashin mota, baƙin mai har gwiwar hannu, wani kuwa takarda ce ke masa gadi? Matarsa ta ce, "Malam, da tsohuwar zuma fa ake magani." Ya ce, "Ke dai ji da tukunyarki." Duk kallon da yake yi wa motar nan, bai lura cewa Tanimu bai taɓa ɗaura mata ko akuya a baya ba. Iyali kawai yake kaiwa unguwa da ita.

Ana saura mako biyu yankan shinkafa, Barau ya kira dillali ya ce a sayar masa da akori-kurar ko nawa ne. Ya haɗa da kuɗin shanun nomansa biyu, ya sayo mota irin ta Tanimu sak, har launi. Takardar garantin ya naɗe ta a leda ya cusa a aljihu, bai bari kowa ya karanta masa ba, wai kada a raina shi. Ya kai motar wurin mai walda aka liƙa mata ƙugiya a baya, ya ɗaura injin casa, ya kama hanya yana ɗaga wa mutane hannu.

Da ya iso tsamiyar nan ko kallonta bai yi ba, a ransa ya ce tsayawa ai sai tsofaffin motoci. Ya fara hawa, wata jar fitila ta kama a gabansa. Kunnen Barau tari ya sani, ba fitila ba, don haka ya ƙara taka wuta. A tsakiyar hawan hayaƙi ya turnuƙe, inji ya buga. Ya fito ya zauna kan dutse, rana tsaka, takarda a aljihu. Can sai ya jiyo wani tari daga ƙasa, tarin da ko a mafarki ya ji zai gane. Ya hango akori-kurarsa ƙarƙashin tsamiya, bonet a ɗage, wani na zuba mata ruwa. Ta taso a giya ta ɗaya da injin casa a bayanta, ta zo daidai shi ta tsaya. Tanimu ne. Ashe shi ma shekaru yake kallon motar Barau, kallon mai koyo, kuma ranar da ta shiga hannun dillali ya saye ta. Ya fito ya yi masa jaje tsakani da Allah, ya bar masa jarkar ruwa da goro, ya ce zai turo motar da za ta janye shi, don tsohuwar ba za ta iya jan biyu ba. Wannan kirkin ya fi komai yi wa Barau ciwo.

A kamfani ba a ja magana ba. Ma'aikacin ya duba ƙugiyar walda, ya warware takardar, ya ɗora yatsa kan layin da ya ce motar ba ta jan kaya ba ce, wanda ya ja da ita kuwa garantinsa ya tashi. Sai bayan kwana tara Barau ya isa fadama, a motar haya. Bai tarar da komai ba sai tulin ƙaiƙayi. Wani tsohon manomi da suka shekara goma sha tara tare ya ba shi hannu ya ce, "Motarka dai ta zo a kan lokaci, kamar kullum. Kai ne ba mu gani ba."

Shi ya sa Bahaushe ya ce, hassada ga mai rabo taki ce.