Watan Ƙarshe na Takabar Adama

Adama ta kafa madubin hangen nesa a bayan ɗaki, ta tokare gurguwar ƙafarsa da dutse, ta kanga ido tana roƙon Allah kada ta ga komai.

Duk matar da ke takaba a Kurugu ɗokin tsayuwar wata take yi, ban da ita.

Madubin na mijinta Ilu ne. Wani Baturen safiyo da ya yi wa dako ne ya bar masa, shi kuwa ya ɗauki abin kamar ɗan da ya haifa. Da shi ya nuna mata ramukan da ke fuskar wata, da taurarin Kaza da 'ya'yanta, har ta fi shi iya saitawa. Da shi kuma garin ke riga Rogo ganin watan azumi.

Da daminar bana dogarai suka zo ɗiban maza aikin tilas na kuza a Jos, inda ake cewa sanyi da yunwa na kashe mutane. Ilu na cikin waɗanda aka kira. Washegari aka tsinci rigarsa da takalmansa a bakin Challawa, kogin ya cika ya batse. Ba a ga gawa ba. Aka yi addu'a, Adama ta shiga takaba.

Ta tsananta wa kanta fiye da yadda malamai suka ce. Ko zaure ba ta leƙawa. Matan da suka zo taya ta kwana ta sallame su, wai ta fi son kaɗaici. Sai suka koma gulmar cewa baƙin cikin nata bai taɓa cikinta ba, don tukunyarta ba ta ragu ba. Ta ji, ta haɗiye.

Abin da ke cin ranta Shitu ne, wan mijinta, mutumin da bai taɓa makara wurin rabo ba. Ya riga ya yanke: da zarar wannan wata ya tsaya, saura kwana goma a raba gado, a kwashe hatsi, gida ya koma hannunsa, ita ta koma gidan ubanta a Zoza. Ta yi kuka, ta yi magiya, ta ce ba ta da lafiya. Dabara ta ƙare mata, kuma babu mahalukin da za ta iya gaya wa damuwarta.

Sai ga jinjirin watan nan cikin madubin, siriri kamar yankan farce.

"Amarya, an gan shi?" Shitu ya ɗaga murya daga bayan danga.

"Ban ga komai ba, Yaya."

"To, gobe ko makaho ya gan shi."

Gaskiya ya faɗa. Kwana ɗaya tak ƙaryar ta saya mata.

Ta saurara har takunsa ya ɓace wajen masallaci. Sannan ta ɗauko akushin tuwo, ta jingina tsani jikin rumbu, ta hau, ta ɗaga murfin.

"Ya tsaya," ta ce cikin raɗa.

Daga can ƙasa, cikin dammunan dawa, wani ramammen hannu ya miƙo ya karɓi akushin.

"To yanzu ina zan shiga, Adama?" in ji Ilu.