Bayan An Raba Gonar Koko

Da dattijon dangi ya shafa wa matar farar ƙasa a kafaɗa, a al'adarsu aurenta da mijinta ya mutu ke nan, sai aka zauna rabo. Gonar kokon da suka sare dajinta tare aka tsaga biyu. Gida ya faɗa wa mijin, tunda filin na danginsa ne. Ita ta tashi da keken ɗinkinta da turmin sakwara.

"Akwai saura?" in ji dattijon.

"Babu, Nana," matar ta ce, tana kiran dattijon da laƙabinsa na girma.

Sai ga uwar mijin ta fito tana laluben bango, da ƙunshin kayanta a ka. Tun da ta makance, matar nan ce ke yi mata wanka, tana ba ta abinci a baki.

"Maame, ina za ki?" ɗanta ya tambaya.

"Kai ka rabu da ita, ban da ni." Tsohuwar ta miƙa hannu. "'Yata, kama ni, kada motar Kumasi ta tashi."

Matar ta kama hannun tana hawaye. Shi kuwa ya daɗe kansa a sunkuye, sannan ya sauke ƙunshin daga kan uwarsa, ya bi su da shi har tasha.