Saƙon da Ba Suna

Fiddausi, Sagiru, ku matso kusa. Kai ma na bakin ƙofa, ajiye wayar nan. Labari zan ba ku, kada wanda ya katse ni.

Shekarar da aka yanke sabis ɗin waya a ƙasar Batsari da Safana saboda ɓarayin daji, in mutum na son jin muryar ɗansa sai ya hau mota har Katsina. A Safana akwai ofishin wata ƙungiya mai raba wa manoma iri da taki. Su ba su rasa intanet ba, kwanon tauraron ɗan'adam ne a kan rufinsu.

Asta ke zaune gaban kwamfutar ofishin. 'Yar Fulanin rugar bayan gari ce, ita kaɗai ta yi boko a gidansu. Ranar da aka ɗauke ta aiki an gaya mata imel ɗin ofis na aikin ofis ne, kuma duk abin da ya fita ana ganinsa a hedikwata.

Wata Talata wata tsohuwa ta sauko daga babur, tun daga Wagini. Masu yin itace sun ga babura na taruwa a bakin daji, kowa a ƙauyen ya san ma'anar haka. Ita kuma ɗanta na fari ya ce zai zo gida ranar Alhamis.

Asta ta ce, "Inna, an hana mu."

Tsohuwa ta ce, "Layi biyu ne, 'yar nan. Ba zan tashi ba sai kin tura."

Asta ta dubi ƙofa, ta jawo kujera. "To, wa za a ce?"

Ɗan fari ne, bakin tsohuwar bai taɓa kama sunansa ba, ba kuma a gaban 'yar mutane za ta fara ba. Ta ce a rubuta: a gaya wa mai zuwa Alhamis kada ya biyo hanyar Wagini, mutanen suna nan. Asta Bafulatana ce, ta fi kowa sanin wannan kunya, ba ta sake tambaya ba. Ta tura saƙon zuwa wani shagon buga takardu a Kano, kusa da gidan 'yar tsohuwar. Mai shagon ya san mutanen Wagini, ya kai. 'Yar ta kira yayanta ta ce uwarsu ta ce ya fasa zuwa. Ya fasa, bai tambayi ta ina maganar ta biyo ba. Dama shi ba mai tambaya ba ne.

Ranar Alhamis aka tare motar haya a hanyar, aka shige daji da mutanen ciki.

A hedikwatar ƙungiyar a Katsina akwai wani matashi, aikinsa duba abin da ma'aikata ke turawa. Yana bin imel ɗin makon sai ya ci karo da na Asta: ga rana, ga hanya, babu suna, mai turawa kuma 'yar ruga. Bai kira ta ya ji bakinta ba. Ya rubuta rahoto ya haura da shi sama.

Aka kore ta. Aka tsare ta ana tambayarta wa ya ba ta labari. Ta ce wata tsohuwa ce, amma ta ƙi faɗin ƙauyenta, don ta san abin da za a yi wa tsohuwar. Daga baya an sake ta, sai dai kalmar infoma, mai kai wa ɓarayin daji labari, ta riga ta shiga gari. Aka daina sayen nonon uwarta. Wanda zai aure ta ya aiko a mayar masa da kayansa. Ubanta ya kora shanunsa suka bar ƙasar kafin 'yan sa-kai su zo.

Matashin aka ƙara masa girma. Da babbar sallah ya kai wa uwarsa rago, ya ba ta labarin yadda ya kama infoma a ofis. Ta sa masa albarka, ta ci nama.

Makon jiya a kasuwar Batsari na haɗu da Maijidda, uwar Asta. Ta zo sayar da tunkiya. Ta gaya min 'yarta na wanke kwanuka a wata tasha, ko gaisuwa ba ta son amsawa. Ta karanto min saƙon da ka, kalma ba ta ɓace mata ba.

Fiddausi, sauke hannunki daga baki, ke aka kai wa saƙon nan. Sagiru, gobe ka nemo mota. Ku kai ni ofishin in faɗa da bakina cewa ni ce na zauna na ƙi tashi, a wanke yarinyar nan a rubuce, a karanta a Safana kowa ya ji. Ku warware wannan magana ina da rai. Kai kuwa na bakin ƙofa, kai za ka shige gaba, don kai ne mai zuwa Alhamis, kuma ragonka na ci.