Gilashin Tare Iska

"Ɗaure shi tamau," Maliki ya ce wa bakanikensa na Kurmin Mashi. "In na hau titin Zariya, iska ta dinga yi min kuka a kunne ke nan, kamar ana kira na."

Bakanike ya kafa gilashin a gaban babur ɗin. "Daga yau kun rabu da iska."

Washegari da hantsi Maliki ya kama hanya. Kunnensa shiru. Ya yi hamdala, ya ƙara wuta.

Daidai kwanar da ƙanwarsa Umaima ta faɗo daga bayansa ta rasu bara, wani hannu mai sanyi ya dafa kafaɗarsa.

"Yaya, sai yau ka ji ni? Na ce ka rage gudu."