Fuskar da Ta Yi Hawaye

Ko sallama bai ƙarasa ba, Sodangi ya faɗo zauren Malam Mu'az da ke Hubbare, ya zube takardu a kan tabarma.

"Malam, a ɗakin ɗiyata Juwairiyya na tsinto su. Duba abin da aka zana: akwatin gawa mai fuskar mutum, tuluna masu kan kare. Yarinya ta daina hira, kullum tana ƙunshe da su a ɗaki."

Malam ya gyara tabarau. "To, mi ya jiƙa su haka?"

"Ruwan tofin da ka ba ni bara na yayyafa musu. Wallahi ina yayyafawa fuskar nan ta fara hawaye, baƙi da shuɗi. Ka ga kuwa akwai aljani ciki."

Malam ya daɗe yana kallon fuskar da ta dame, har kafaɗunsa suka fara rawa don dariya.

"Sodangi, fentin ruwa ne. Ko ruwan randa ka zuba masa, kuka zai yi. Kayan binne mutanen Masar ne na zamanin da. Ni na ba ta hotunan da take kwaikwaya, na ɗauko su a gidan tarihi ina karatu a Alƙahira. Aikin jarrabawarta ne, jibi za ta miƙa."

Sodangi ya dubi takardun, ya dubi agogo. Saura kaɗan a tashi daga makaranta, Juwairiyya ta dawo gida.

Ya matso, ya rage murya. "Malam, akwai sauran ruwan tofin? Yanzu ni za a yayyafa wa."