Ɗakin Bayan Kicin

Tun kafin a ƙwanƙwasa ƙofa, Matar Manaja ta goge teburin falo har ya gaji da ita. Ta yafa mayafi ta cire. Ta sa zoben zinarinta, ta dube shi, ta zare ta jefa a jaka. Matar da a da mai neman aiki kan bushe a tsaye kafin ta sauko daga sama, yau ita ce ke leƙen taga.

Dalili ba ɓoyayye ba ne. Manaja na kwance a asibiti, ɓarin jikinsa ya shanye, likita ya ce ba ya ɗaukuwa a jirgi zuwa gida. Ƙasa ba tasu ba, 'ya'ya duk suna nesa, ƙawayen da ke cika mata falo sun koma sai gaisuwar waya. In ba a daidaita da yarinyar nan yau ba, ba ta san inda za ta sa kanta ba.

Matar direban kamfani ce ta haɗa su. Wannan kaɗai ya ishe ta kunya, don ta taɓa korar ƙanwar matar a kan cokali, cokalin da daga baya aka tsinta a bayan firji.

Yarinyar ta shigo da sallama. 'Yar gida ce, harshe ɗaya, ba ta wuce sa'ar autarta ba, ga ciki ya tsufa. Ba su daɗe da sauka ba ita da mijinta, aiki ne ya kawo shi. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta.

"Tashi, 'yar nan, kada ki haihu a kan kafet."

"Wallahi Mama ban taɓa yin irin wannan ba. Ban ma san me ake tambaya ba."

"Ni na sani. Taho."

Ta zagaya da ita ɗaki-ɗaki. Ga injin wanki, sai an danna masa gwiwa yake rufuwa. Ga murhun gas, kan hagun maƙaryaci ne, ya nuna ya mutu alhali yana ci. Suka ratsa kwalaye da aka jera a baranda, suka wuce bango mai ƙusoshi babu hotuna. A gindin matakala Matar Manaja ta dubi cikin nan ta ce ban da hawa da kaya, ko da bokitin da babu ruwa ne.

A kicin abin ya fara yi mata nauyi. Yarinyar ta taɓa kwaɗon da ake kulle firji da shi. Ta sunkuya ƙarƙashin wurin wanke-wanke ta zaro kofin roba da faranti mai tsagewa.

"Waɗannan fa, na kyanwa ne?"

"Na mai aiki ne."

Gaskiya ɗaya ce, Matar Manaja ba azzalumar da ake ba da labari ba ce. Ba ta duka, ba ta zagin iyaye. Ta dai zo ƙasar ta tarar matan manya haka suke yi, ta ɗauka, har ta fi su iyawa.

Yarinyar ta yi tambayar hutu, ta ce ta ji ana ba da rana guda a mako. Matar Manaja, wadda ba ta taɓa bai wa kowa ko rabin yini ba, ta ce haka ake yi, idonta a kan tayil. Sai ta ƙara da cewa akwai zancen asibiti kullum da yamma. Yarinyar ta ce ai wannan dole ne, Allah ya tashi kafaɗunsa.

Saura ɗakin bayan kicin.

Asalinsa wurin ajiyar buhuna ne. Ita da kanta ta sa aka mayar da shi ɗakin kwana, ita ta zaɓi katifar da ba ta fi tabarma kauri ba, ita ta sa aka cire fanka wai tana shan wuta. Babu taga. Sakatar ƙofar ta waje take. A ƙasan ƙyauren akwai rami da wata baiwar Allah ta ƙwaƙule da wuƙa don iska ta shiga.

Yarinyar ta daɗe a tsaye, hannu a baki.

"Mutum ke kwana a nan?"

"Mutane da yawa sun kwana."

"A'a, Mama. Ba zan iya ba. Ki yi haƙuri, a bar maganar nan."

Ta juya za ta tafi. Matar Manaja ta riƙo gefen mayafinta. Ba ta san sadda gwiwoyinta suka kai ƙasa ba, a kan tayil ɗin da ta sha sa 'ya'yan mutane su maimaita gugarsa. Da ƙasa za ta tsage da ta shige.

"Ki rufa mini asiri, 'yata. Ba ni da kowa a nan sai shi, shi ma ba shi da kowa sai ni."

Yarinyar ta fashe da kuka, ita ma ta durƙusa da ƙyar, ciki na tokare ta. Ta ce to ta yarda, amma sai an ɓalle sakatar nan, a mayar da fanka, a kawo gado irin na mutane.

Matar Manaja ta share fuska da bakin zani. Ta kwance tarin makullan gidan ta zuba mata a tafin hannu, na ƙofar waje har na sama, ta ce mata:

"Na gode, Hajiya. Ƙarfe nawa maigida ke karyawa?"

Sannan ta ja akwatinta zuwa ɗakin bayan kicin, don kamfani ya riga ya ba sabon manaja gidan, yarinyar nan kuwa matarsa ce.