Shokozobar Khairiyya

Khairiyya ta jingine kekenta a rumfar Malam Wada, mai sayar da kayan keke a Bebeji, ko gaisuwar kirki babu.

"Baba, kun cuce ni! Wannan ƙafar gaban ba shokozoba ba ce, taɓarya ce. A dawo min da kuɗina."

Wata biyu ta yi tana bincike a waya kafin ta saya. Shokozoba mai iska ta fi ƙarfin alawus ɗinta na bautar ƙasa, sai ta zaɓi mai sifirin, ta hannu. Da Malam Wada ya so yi mata bayani a ranar, ta katse shi, ai ita injiniyanci ta karanta.

Sati uku ke nan tana hawan duwatsun Doguwa, haƙoranta na karo da juna, tafin hannunta duk bororo. Wanda ya tambaya kuwa sai ta ce, "Laushi kamar katifa!"

Malam Wada ya sunkuya, ya murɗa wani ɗan maɓalli shuɗi a saman ƙafar. Ya danna kan keken, ya lotsa, ya taso a hankali.

"A kulle take, 'yata. Ko in mayar miki yadda kika saba?"